Shagunan Firintar 3D: Kasuwar da Ta Ci, Ta Watse Cikin Shekara Uku

A watan Satumba na 2012, kamfanin MakerBot ya buɗe shago a titin Mulberry da ke birnin New York. Hajar da ya baje ita ce firintar 3D, na'urar da ke narkar da zaren roba tana zuba shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, har sai ta gina abin da za a iya ɗauka a hannu. A Afrilun 2015 aka garƙame wannan shago tare da 'yan'uwansa biyu na Boston da Greenwich. Duk mai tunanin zuba jari a wannan sana'a, ya kamata ya san abin da ya faru tsakanin buɗewar da rufewar.

Fasahar ta girmi shagunan nesa ba kusa ba. Chuck Hull ya sami haƙƙin mallakar ƙirƙirarsa a 1986, wato dabarar daskarar da ruwan roba da haske, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems. Scott Crump, wanda ya kafa Stratasys tare da matarsa a 1989, shi ya fito da dabarar narka zare. Sama da shekara ashirin, sai manyan masana'antu ke iya sayen waɗannan injuna saboda tsadarsu. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, ya saki zanen na'urarsa kyauta ga kowa. A 2009 kuma wa'adin haƙƙin mallakar Crump ya ƙare. Cikin wannan shekarar aka haifi MakerBot, farashi kuwa ya faɗo warwas.

Daga nan sai aka shiga rububi. A 2013 Shugaba Barack Obama ya ambaci fasahar a jawabinsa na shekara ga majalisar dokokin Amurka. Shagon iMakr ya buɗe a Landan, kantunan UPS suka fara gwajin buga wa jama'a kaya, Stratasys kuma ya sayi MakerBot a kan hannayen jari na kusan dala miliyan 400. A 2014 Staples, mai sayar da kayan ofis, ya sanya injuna a rassansa na New York da Los Angeles.

Tunanin da ya rinjayi masu jari shi ne cewa sana'ar za ta bi sawun shagon fotokwafi. A nan lissafin ya karkace. Mai zuwa yin fotokwafi da takardarsa yake zuwa, cikin daƙiƙu an sallame shi, wani ya matso. Mai shiga shagon 3D galibi hannu rabbana yake zuwa, ko da karyayyen murfi yana neman irinsa. Na'urar kuwa ba ta aiki sai da cikakken zane na kwamfuta, wanda tsara shi kan cinye sa'o'in ƙwararre. Bugun kansa na iya ɗaukar yini guda a kan abin da bai fi tafin hannu ba, kuma idan zare ya sarƙe a tsakiya, sai a koma farko. In aka haɗa ladan mai zane da kuɗin haya a babban titi, farashin kan ninka na makamancin kayan da masana'anta ta zuba dubbai a lokaci guda. Jama'a sun yi ta shiga kallo, amma kallo ba ya biyan haya. Kafin ƙarshen 2015, 3D Systems ma ya daina ƙera Cube, firintarsa ta amfanin gida.

Fasahar dai ba ta mutu ba. Mai sayenta na gaskiya ta gano. Kusan duk ƙoƙon na'urar taimaka wa ji da ake yi daidai da kunnen mutum, da ita ake bugawa. Kamfanin Align Technology da ita yake samar da zubin robar daidaita haƙora ta Invisalign. Injiniyoyi da masu zanen gine-gine da maƙeran zinariya na biyan kuɗi don samfurin gwaji. Dukkansu sun yi tarayya a abu uku: suna da zane a hannu, suna buƙatar abu ɗaya tilo da babu irinsa a kanti, kuma suna dawowa.

Saboda haka, mai tsara irin wannan kasuwanci zai fara ne da ƙidaya waɗanda za su riƙa kawo aiki duk mako, kafin ya tambayi farashin inji. Sai ya ware kuɗin zane daban da kuɗin bugu, ya sa asarar bugun da ya lalace cikin lissafi, ya kuma fifita ɗaukar gwanin zane a kan kama shago a bakin titi. Injin kowa na iya sayensa yanzu. Abin da abokin ciniki ke biya dominsa shi ne hannun da zai mayar da buƙatarsa zane.