Matsayin Namiji da Mace a Unguwannin Hausawan Duwala: Abin da Ya Sauya da Abin da Bai Sauya ba

Matsayin namiji da mace yana nufin ayyuka, haƙƙoƙi da nauyin da al'umma ke ɗora wa kowannensu a gida da waje. Wani ɓangare addini ne ya tsara shi, wani kuwa al'ada ce da yanayin rayuwa suka kawo. Wannan bayani ya shafi Hausawa da sauran Musulmi mazauna New Bell a birnin Duwala, cibiyar kasuwancin Kamaru.

Asalin unguwar

Jamusawa ne suka shata New Bell gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, don su kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya yi adawa da ƙwace filayen, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Hausawa sun gangaro ne ta hanyoyin fatauci na Adamawa, ta Ngaundare, Banyo da Tibati, suna cinikin goro, shanu da tufafi.

Tsarin da aka gada

A gidan Bahaushe na wancan lokaci, namiji ke fita nema: fatauci, fawa, ɗinki, tireda ko malanta. Matar aure kuma tana cikin gida, amma ba a zaune take ba. Tana suyar ƙosai, tana dama fura, tana kitso, yara na kai mata talla, tana zuba adashi, da shi take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Darajar namiji tana ga iya riƙe gida, ta mace kuwa tana ga kunya, haƙuri da tarbiyyar 'ya'ya.

Abubuwan da suka kawo sauyi

Na farko shi ne tattalin arziki. Kamaru ta shiga matsi daga tsakiyar shekarun 1980, aka zaftare albashin ma'aikata a 1993, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Magidanta da yawa suka kasa ɗaukar cefane, haya da kuɗin makaranta su kaɗai, jarin mace ya fara shiga tukunya. A farkon shekarun 1990 ne kuma acaba, wadda a Duwala ake kira bensikin, ta yaɗu, ta zama sana'ar samari da yawa. Tana kawo na yau, amma da wuya ta haɗa lefe da ɗaki, shi ya sa aure ke jinkiri.

Na biyu shi ne ilimi. Iyaye sun daɗe suna ɗari-ɗari da boko, musamman ga 'ya mace. Makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci sun rage wannan tsoro, kuma tun da aka kafa Jami'ar Duwala a 1993 karatu mai zurfi ya matso kusa da gida. Matan aure ma suna zuwa Islamiyya, suna karanta haƙƙoƙinsu da kansu.

Na uku shi ne waya. Mace na tallata atamfa, turare ko abincin biki ta WhatsApp da Facebook, a biya ta ta Orange Money ko MTN Mobile Money, ba tare da ta je Kasuwar Kongo ba, ba kuma tare da ta ɗora wa yarinya talla ba. Sai dai wayar ta buɗe ƙofar gasar biki, zargi tsakanin ma'aurata da kallon abin da bai dace ba.

Na huɗu shi ne doka. Dokar 1981 ta amince a aurar da yarinya tun tana shekara 15, ta kuma ba miji damar hana matarsa aiki idan ya ga zai cutar da iyali. Kundin hukunta laifuka na 2016 kuwa ya tanadi hukunci ga auren dole da aurar da wanda bai kai shekara 18 ba.

Ma'aunin shari'a

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin yankin ke bi, ci, sha, sutura da muhalli suna wuyan miji ko da matar ta fi shi dukiya. Shugabancin da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ta ba namiji an haɗa shi da ciyarwa. Sadaki da abin da mace ta samu da guminta nata ne. Idan ta taimaka a gida, kyautatawa ce, bai halatta a karɓe da ƙarfi ba. Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji ke kai wa matan ƙauyuka karatu. Saboda haka ilimin mace da sana'arta ba baƙi ba ne a Musulunci, matuƙar an kiyaye sutura, mutunci da haƙƙin aure.

Inda ake samun saɓani

Ƙorafe-ƙorafen da aka saba ji su ne: miji ya sakar wa mace cefane don ya ga tana samu, mace ta raina miji don ta fi shi kuɗi, a cire yarinya daga makaranta bayan an yi alƙawarin za ta ci gaba, a yi saki a bar uwa da 'ya'ya ba ciyarwa. Akwai kuma auren da aka ɗaura a masallaci ba a yi masa takarda a ofishin magajin gari ba. Idan miji ya rasu ko aka rabu, matar kan sha wuya wajen tabbatar da haƙƙinta a kotu.

Da yawan waɗannan ana iya kauce musu idan waliyyai suka zauna kafin ɗaurin aure, aka fayyace batun karatu, aiki da ciyarwa a gaban shaidu, aka rubuta, sannan aka yi wa auren rajista. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu.