Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya ce mu ɗaga kai mu dubi rana

Yau tarihinmu na wani malamin kimiyya ne da kowa ya san sunansa saboda jami'ar Yamai, amma kaɗan ne suka san aikinsa.

An haifi Abdu Mumuni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya yi lakkol a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fiziks. Ya koyar a Dakar da Konakiri, ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa ilimin makamashin rana, sannan ya yi aiki a Bamako. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu na gida.

To me ya gani a rana? Ita rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi wadda masana ke kira filasma. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, har ƙwayoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyom, su saki makamashi. Kun ga, kishiyar yuraniyom ɗinmu na Arlit ke nan: shi fasa ƙwayarsa ake yi, ita kuwa rana haɗawa take yi.

Fiye da shekara 70 ke nan manyan ƙasashe na neman kunna irin wannan wuta a doron ƙasa. A Kadarash, kudancin Faransa, Turai da Amurka, Sin, Rasha, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu sun haɗa kuɗi suna gina na'urar ITER, wadda za ta buƙaci zafin digiri miliyan 150. Har yau babu gida ɗaya da ke samun lantarki ta wannan hanya.

Abdu Mumuni ya bi wata hanyar. Tunda Allah ya riga ya kunna mana tanderun a sama, aikinmu shi ne tarbar zafinsa. Daga 1969 ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, inda aka riƙa ƙera tankunan dumama ruwa da murhun dafa abinci masu aiki da rana, a nan gida, da hannun 'yan ƙasa. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

'Yan uwa, ku tuna 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, birane suka kwana cikin duhu. A ƙauyukanmu kuwa, fano ne ke cajin salula, shi ke jawo ruwan fanfo. Sai dai kusan duk daga waje ake shigo da shi, in ya lalace ma mai gyara sai an nema. Mata har yanzu suna tafiya mai nisa neman itace, ga rana tana dukan kansu.

Wane yaro ne cikin lakkol ɗinmu zai ɗauki aikin daga inda malam ya tsaya? Ku faɗa mana ra'ayinku. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.