Tarihin Kakapo, Akun Da Ba Ya Tashi

Galibi in an ambaci tarihi sai hankalinmu ya tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. To, ni yau tarihin wani tsuntsu zan kawo muku, mai suna kakapo, ɗan asalin dazuzzukan tsibiran Niyu Zilan.

Shi dai kakapo aku ne kore, wanda nauyinsa kan kai kilo 4. Ba ya iya tashi, da dare yake kiwo, a ƙasa kuma yake ƙwai. In ya ji motsin abokin gaba sai ya daskare wuri guda. Wannan dabara ta fisshe shi shekaru aru-aru, domin a da tsuntsaye ne kaɗai ke farautarsa, su kuwa da ido suke nema.

Wajen ƙarni na 13 al'ummar Maori suka iso da karnuka da ɓeraye. Turawa suka biyo baya, suka sassare daji, suka kawo kyanwoyi da zomaye. Da zomaye suka addabi makiyayan tumaki, sai a shekarun 1880 aka shigo da wasu namun dawa masu kama da tunku don su cinye su. Garin neman gira aka rasa ido, domin waɗannan da hanci suke farauta, kakapo kuwa ga ƙanshi mai ƙarfi, ga rashin gudu.

Daga 1894 wani Bature, Richard Henry, ya kwashe kakapo fiye da 200 zuwa tsibirin Resolution. Amma a 1900 maƙiyan nan suka yi iyo suka tarar da su can. A 1977 aka gano ragowarsu a tsibirin Stewart, kyanwoyi na ta kashe su, sai aka mayar da su ƙananan tsibirai inda babu mai cin su. A 1995 guda 51 kacal suka rage a duniya. A 2022 sun kai 252.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Ba sa hayayyafa sai shekarar da itacen rimu ya yi 'ya'ya sosai, wato bayan shekara 2 zuwa 4. Ƙwai da yawa ba sa ƙyanƙyashewa saboda kusancin jini, kuma a 2019 wata cutar huhu ta kashe guda 9.

A ganina, darasin a fili yake: maganin da aka kawo ba tare da hangen nesa ba, shi ya zama cutar da aka fi shekara 100 ana jinya. Allah ya sa mu gane.