Lee-Enfield: Bindigar da Ta Ga Yaƙin Duniya Biyu

A shekarar 1895 sojan Birtaniya suka karɓi sabuwar bindiga mai suna Lee-Enfield. James Paris Lee, haifaffen Sikotilan da ya yi sana'arsa a Amurka, shi ya ƙera sakatarta da gidan harsasanta, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Enfield a arewacin Landan kuma ta yi bututun. Yayarta Lee-Metford ta 1888 ba ta yi ƙarko ba, domin zafin sabon albarushi marar hayaƙi ya riƙa cinye cikin bututunta.

Yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, shi ya koya wa Ingila hankali. Manoman Bowa suna riƙe da Mauser ta Jamus, suna danna harsashi biyar a tashi ɗaya, sojan Ingila kuwa yana sakawa ɗaya bayan ɗaya. Bayan yaƙin aka rage wa bindigar tsawo, aka gyara ta yadda za a cika ta da sauri. Wannan ita ce SMLE ta 1904, wadda aka ƙara inganta ta a 1907.

Sirrinta yana wurin sakata. Mariƙinta yana dab da kunama, ɗagawa kaɗan ake yi a ja baya, kwanso ya faɗo, a tura gaba wani harsashin ya hau, duk ba tare da soja ya ɗauke ido daga saiti ba. Cikinta kuma harsashi 10 yake ci, ninkin na Mauser. Shi ya sa aka horar da sojan Ingila ya yi harbi 15 cikin minti ɗaya, kowanne a kan saiti. Har ana ba da labarin cewa a fagen Mons, a watan Agustan 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa sun zaci bindigogi masu jigida ne ke yi musu ruwan wuta.

A Yaƙin Duniya na Biyu aka fito da samfurin No. 4, wanda aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Ingila ita kaɗai ba ta iya biyan buƙata ba, sai Long Branch a Kanada da kamfanin Savage a Amurka suka sa hannu, Lithgow a Ostireliya da Ishapore a Indiya kuwa suka ci gaba da tsohon samfurin. Lee-Enfield ce a kafaɗar sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, lokacin da suka gwabza da Japan a dazuzzukan Bama. Jimilla an ƙera kimanin miliyan 17.

Da irin wannan yawa, me ya sa masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka suke rububinta a wurin gwanjo? Domin kowace ɗaya tana ɗauke da tarihinta a jikin ƙarfe. A ƙarƙashin mariƙin sakatar SMLE akwai hoton kambi, da harufan sarkin da ke kan gado, da sunan masana'anta, da shekara. Wadda Savage ya ƙera an buga mata hatimin cewa mallakar gwamnatin Amurka ce, tunda aro aka bai wa Ingila. Gwanin saye yakan fara duba lambar sakata, ya ga ko ta yi daidai da ta jikin bindigar. In sun saɓa, farashi ya faɗi. Yakan kuma yi hattara da kwaikwayon maƙeran Darra Adam Khel na Pakistan, waɗanda ke ƙera ta da hannu har da hatiman.

Abin takaici shi ne dubban da aka sayar da arha bayan yaƙi, mafarauta suka yanke musu katako don su rage nauyi. Wannan ɓarna ce, kuma masu tarawa suna da gaskiya da suke fifita mai tabo da tsohon mai a kan wadda aka goge ta yi ƙyalli.

Birtaniya ta maye gurbin Lee-Enfield da bindigar L1A1 a 1957, amma mayaƙan Afganistan sun yaƙi sojan Sobiyat da ita a shekarun 1980. Dakarun sintiri na arewacin Kanada, waɗanda aka raba wa No. 4 tun 1947 saboda tana jure tsananin sanyi, sai wajen 2018 aka fara sauya musu ita.