Sadaki

sadaki (suna, namiji, asalinsa Larabci) Dukiyar da miji ke bai wa mace domin aure ya halatta. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Kano ke bi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, sama kuwa ba iyaka.

A Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Kano, ranar ɗaurin aure ake bayyana shi. Bayan an sauko daga Juma'a, wakilin ango ya durƙusa gaban waliyyin amarya, ya miƙa kuɗin, a ƙirga a gaban shaidu, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an biya lakadan ba ajalan ba, sannan a raba goro da alewa. *"Baba, sadakina a saya mini tunkiya da shi."* Haka yarinyar ƙauye mai wayo kan ce wa mahaifinta, kuma tana da gaskiya, domin haƙƙinta ne ita kaɗai. Abin takaici ne a ga uba ya cinye shi bai ko tambaye ta ba. Idan mace ta nemi hul'i, shi take mayarwa.

Bani Isra'ila na dā suna da makamancinsa, *mohar*, sai dai uban yarinya ake bai wa. Attaura ta yanka shekel 50 na azurfa a kan wanda ya lalata budurwa. Annabi Musa kuwa da kiwo na shekara 8 ko 10 ya biya nasa a Madyana.

Duba: lefe, waliyyi, hul'i.