Sojan Farko Da Fanshon Da Aka Hana Su

'Yan makaranta, duk wanda ya bi hanya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san Ambursa, garin da sarakunan Gwandu suka zauna a cikinsa zamanin da suke fama da Kabawa. Ƙasar nan ta Gulbin Kabi ta saba da mayaƙa tun kaka da kakanni. Amma cikin 1902, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, sai ga waɗansu irin mayaƙa dabam sun sauka Argungu, ba sulke ba lifidi, sai bindiga da jar dara. Littattafan tarihi sun cika da sunayen Turawan da suka zo da su. Mu kuwa yau labarin su sojan za mu bi, mu ga abin da ya same su da tsufa ya zo.

Rundunarsu ita ce ta tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda Ingilishi suka kafa cikin 1897, suka danƙa wa Lugga. Da yawa daga cikinsu Hausawa ne, waɗansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, waɗansu kuwa talauci ya koro su, ga albashi sule guda a yini. Su suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Wata ƙungiyarsu ta taso daga Argungu ta haɗu da ta Kano, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Su ne kuma suka ƙone Satiru cikin 1906. Kada mu ɓoye wannan, gama shi ya sa mutanen gari ba su ƙaunace su ba, ran da suka shiga wahala kuwa masu jin tausayinsu kaɗan ne.

Da yaƙin Jamus na farko ya tashi cikin 1914 aka tura su Kamaru. Garwa ta faɗi cikin Yuni 1915, Mora ta sallama cikin Fabrairu 1916. Daga nan aka zuba su jirgin ruwa sai Afirka ta Gabas, inda yunwa da zazzaɓi suka yi musu ɓarna, sa'an nan aka yi mugun karo a Mahiwa cikin Oktoba 1917, suka zubar da mutane masu yawa. An ƙiyasta Nijeriya ta ba da soja wajen 17,000 a yaƙin nan, da 'yan dako fiye da 30,000.

To, a nan sai ku rarrabe abu biyu. Akwai kuɗin sallama, watau abin da a kan ƙirga wa mutum sau ɗaya ran da ya tuɓe kayan sarki. Akwai fansho, watau abin da a kan riƙa ba shi har ya mutu. Galibin sojan nan kuɗin sallama suka samu. Mutum ya koma gida ya yi aure, ya sayi jaki ko ya ja jari, kafin damina biyu kuɗi sun ƙare. In ƙarfi ya tafi, tsohon rauni ya motsa, sai ya nemi mai rubutu ya tsara masa takardar kuka zuwa ofishin Razdan. Abu uku su kan tare masa hanya.

Na fari doka. Akawu ya buɗe littafi ya ce an riga an biya ka, ba ka bin Gwamnati ko anini. Wanda ya naƙasa ne ke da ƙofar roƙo, shi ma sai likita ya yarda a bakin aiki ya sami lahanin. Yaya za ka tabbatar wa likita tarin da ke damunka yau a fadamun Afirka ta Gabas ka ɗauko shi shekara ashirin da suka wuce?

Na biyu takardar sallama. Ita ce shaidar mutum, ga shi an miƙa ta ga wanda bai iya karanta ta ba. Ya soke ta a jinkar ɗaki, gara ta ci, ko gobara ta lashe, ko ruwa ya jiƙa. Ran da aka ce ya kawo ta sai ya nuna tabon harsashi, tabo kuwa ba shi da lamba.

Na uku suna. A bariki a kan haɗa sunan mutum da na garinsu, sai ka tarar da Musa Argungu ko Garba Sakkwato fiye da ɗaya, akawu kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Bawan da ya tsere ya kan sake suna don kada a gane shi. 'Yan dako kuwa, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka, da yawansu ko cikin littafin ba su shiga ba. Cikin 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila ta amsa da bakinta cewa mutum aƙalla 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin nan ba a rubuta sunansu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, har ministan tsaron Ingila ya ba da haƙuri a majalisa. In ba a rubuta sunan mamaci ba, ina matarsa za ta kai kuka?

Yanzu mu leƙa yamma da Argungu. Iyakar da Turawa suka ja ta raba ƙasar Arewa biyu, Kangiwa ta faɗo wajen Ingilishi, Dogondutsi wajen Faransi. 'Yan'uwanmu na can da suka yi wa Faransa soja sun ɗan fi samun sauƙi da fari, gama wanda ya cika shekara 15 a kan yanka masa fansho. Amma cikin Disamba 1959 Faransa ta yi doka, ta ce duk ƙasar da ta sami mulkin kai, fanshon sojanta ya tsaya cik inda yake. Nijar ta sami nata ran 3 ga Agusta 1960. Na Bafaranshe ya yi ta hawa tare da tsadar kaya, na baƙin mutum yana nan jiya i yau. Wani tsohon saje na Senegal, Amadou Diop, ya nemi a daidaita, aka ƙi, ya kai ƙara. Ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar majalisar shari'a ta Faransa ta ba shi gaskiya, amma ya riga ya rasu tun 1996. Ba a daidaita duka ba sai 2011, sa'ad da ba sauran ko ɗaya daga cikin sojan yaƙin farko.

Wani zai ce, ai ciniki ne aka yi da su, an kuwa cika. Na yarda bisa takarda an cika. Amma cinikin da ɗaya ya rubuta, shi ke karantawa, shi ke fassarawa, shi ke yanke hukunci in an yi gardama, da wuya a kira shi adalci. Harsashin Jamus bai tambayi launin wanda ya sama ba, sai a wurin biya aka tuna da launi. Da na gaba a kan gane zurfin ruwa. Shi ya sa sojan da suka komo daga Bama ba su yi shiru ba, har ran 28 ga Fabrairu 1948 a Ankara ta Gwalkwas aka harbe uku daga cikin tsofaffin soja suna kan hanyar kai wa Gwamna takardar kukansu.

Saboda haka ga aikin da na ba ku. In kun je hutu, ku tambayi tsofaffi ko akwai wanda ya yi soja a gidanku. In an fito muku da lambar yaƙin 1914, ku dubi gefenta, gama Ingilishi sun buga sunan mai ita da lambarsa a nan. Ku kwafe su, ku rubuta garinsu da inda ya yi yaƙi, ku adana inda gara ba ta kaiwa. Kuɗin dai sun wuce su, amma suna bai kamata ya ɓace sau biyu ba. In kuwa Allah ya sa wata rana ku ne a kan kujerar akawu, tsoho ya zo ba takarda, ku tashi ku duba littafi da kyau kafin ku ce masa babu. Allah ya jiƙan na gaba, ya sa mu fi su dacewa.