Wutar A-kori-kura da Sana'ar Masu Wayarin

Gyaran wutar mota sana'a ce da ta zo daga baya, domin yawancin motocin farko ba su da wata wuta da za ta ɗauke. Da hannu ake tayar da injin, a zura ƙarfe ta gaba a murɗa. Fitilunsu na kananzir ne ko na iskar gas, tartsatsin da ke kunna fetur kuwa wata na'ura ce mai maganaɗisu take samar da shi ba tare da batir ba. Batirin dalma da ruwan asid ya girmi mota, tun 1859 Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa, amma bai zama jigo ba sai a 1912, lokacin da kamfanin Cadillac na Amurka ya saka sitatar da Charles Kettering ya ƙera. Daga nan sitata da fitilu da filogi suka koma shan wuta daga tushe ɗaya, har ya zamana matsala guda tana iya kashe su baki ɗaya.

Masu ƙera motoci sun ɗauki wata dabara da har yau ita ce ginshiƙin aikin. Maimakon a ja wa kowace fitila waya biyu, sai aka ja ɗaya, ƙarfen jikin motar ya zama hanyar da wuta take komawa batir. An rage kuɗin tagulla, amma rayuwar motar duka ta rataya a kan wata gajeriyar waya mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota. A shekarun 1950 aka tashi daga bolt 6 zuwa bolt 12, ko da yake Volkswagen ta ja ƙafa har zuwa wajen 1967. A 1960 Chrysler ta fara saka altaneta a madadin dayinamo, kuma wannan ya sauya wasu halaye na direbobi. Mota mai dayinamo takan tashi da turi ko da batirinta ya mutu murus, altaneta kuwa tana bukatar 'yar wuta kafin ta fara caji, sannan haɗa kan batir a juye yana ƙona ta nan take.

A arewacin Nijeriya sana'ar ta bunƙasa tare da Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A-kori-kura ƙirar 404 da 504 su ne suka riƙa jigilar hatsi da albasa da awaki zuwa kasuwannin ƙauye, a kan hanyoyin da ke girgiza kowane noti, cikin zafin da ke ƙafar da ruwan batir. Aiki ya yi yawa har ya rabu: bakanike yana kan injin, mai wayarin yana kan wayoyi, mai cajin batir yana gefe da shagonsa. Yaro yakan koya a hannun maigida, kayan gyara kuma a nemo su a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Abin da aka fi gwada gwanintar mai wayarin da shi shi ne motar da ta ɗauke wuta ɗungurungum. Yakan fara bambance ta da mai raunin batir, wadda fitilunta ke ci dishi-dishi, sitata tana ƙas-ƙas. Idan an murɗa makulli babu fitila, babu oda, babu ko ƙyalli a gaban direba, to ba a zargin ƙananan fis, tunda kowanne layinsa daban yake tsarewa. Laifin yana can sama, kafin layukan su rabu. Saboda haka bincike yana bin wuta daga tushe. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna haka, sai a duba kawunansa, inda farin gari ko kore yakan taru ya raba dalma da maƙalarta ko da a ido suna haɗe. Sannan wayar jikin mota, wadda tsatsa take ci a gindin noti, sannan babbar wayar da ta tafi sitata. Kayan aikin ba su wuce mita da ƙwan fitila mai waya biyu ba: inda ƙwan ya daina kamawa, nan wuta ta yanke.

Akwai tarko ɗaya da ya fi yawa a motocin Amurka da na Japan. Kusa da batir akan saka wata siririyar waya da aka yi ta don ta narke idan wayoyi suka haɗu. Takan tsinke a ciki robarta tana nan lafiya, sai an ja ta an ji tana miƙewa ake ganewa. Nan ne ake gane mai aikin kirki, domin ba ta narkewa banza. Wanda ya maye gurbinta da waya mai kauri, ko ya naɗe fis da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, bai nemo inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe ba, ya mayar da dukkan wayoyin motar abin ƙonewa ne kawai.

Shigowar kwamfuta cikin mota ta ƙara wa sana'ar wani reshe. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci wata kafa iri ɗaya ta binciken injin, kuma da motocin hannu suka kwararo ta Kwatano, na'urar karanta matsala ta shiga garejojin Kano da Kaduna da Maraɗi. Sai dai yawancin waɗannan na'urori daga batirin motar suke samun wuta ta wannan kafa, kwamfutar motar ma ba ta amsawa in babu wuta. Tsofaffin a-kori-kura kuwa ba su da kafar ma sam, don haka a kansu har yanzu da ƙwan gwaji da mita ake aiki.